Akwatin da Ba Ya Son Girgiza

A shekarar 1988 Atiku Maliki yana aiki a wani ƙaramin ofishin samar da ruwan sha a Illela. Tun bayan fari yake yawo ƙauye-ƙauye yana auna zurfin rijiyoyi, yana duba inda mutane ke shan ruwan tafki har kurkunu yana kwantar da su. Duk abin da ya samo sai ya dawo ya shigar da shi a kwamfutar ofis, wadda ba ta tashi sai an kunna janareto. Aikin yana kan wasu ƙananan faya-fayai, kuma zafi ya fara cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Da damina ta yi nisa sai aka turo wani injiniya daga Sakkwato da wani akwatin ƙarfe mai nauyi, girmansa bai kai na rediyo ba. Ya ce wannan shi kaɗai zai ɗauke abin da ke cikin faya-fayan nan duka, har ya rage wuri. Ya jona shi da kwamfutar da wata waya mai kauri, ya nuna wa Atiku yadda ake fara kunna akwatin, a jira ƙugin cikinsa ya daidaita, sannan a kunna kwamfuta. In za a ɗauke shi kuma, sai an ba shi umarnin ya tsaya, an ji ya yi shiru.

"Abu guda nake roƙonka," in ji injiniyan. "Akwai allura a ciki, tana shawagi a kan faifai. In ya bugu ta karce shi, to aikinka ya tafi. Ka riƙe shi kamar ƙwai."

Atiku ya kwashe kwanaki yana juye aikin a ciki. Kafin ya gama wasu faya-fayan biyu sun mutu, amma ya riga ya ceci abin da ke kansu. Sai saƙo ya zo cewa ya kawo akwatin Sakkwato, domin da shi za a zaɓi ƙauyukan da za a haƙa wa rijiya da rani.

Ranar tafiya ya naɗe akwatin a bargo, ya ɗora shi a kan matashin kai, ya rungume a cinyarsa. Halliru direba ya ja motar ofis, wata tsohuwar a-kori-kura. Sun biya ta wajen Araba don ajiye wa maigadin wata rijiya igiya, suna dawowa sai ga mutum a tsakiyar hanya yana ɗaga sanda. Jaɓɓo ne, wani makiyayi da Atiku ya sha shan nono a rugarsa.

"Mi ya faru, Jaɓɓo?"

"Matata Mero ce, Malam. Ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa. Don Allah."

Mata suka fito da ita a tabarma aka shimfiɗe ta a bayan motar. Jaɓɓo ya hau ya tallafe kanta. A ɗakin shan magani na Illela ma'aikacin ya duba ta, ya yi mata allura, ya ce jini take bukata, kuma ba shi da shi. Su wuce Sakkwato, kada su tsaya.

Ruwan sama ya ɓata hanyar, ramuka ko'ina. Halliru ya taka mota. Da suka faɗa ramin farko akwatin ya yi tsalle a cinyar Atiku, sai ya ƙara ƙanƙame shi. Ya tuna ƙauyukan da ya zagaya, da manoman da ya gani kwance da ƙafa a kumbure damina na wucewa.

"Halliru, a hankali."

Halliru ya dube shi. "Yallaɓai, matar fa?"

"Ita ma girgizar ba ta yi mata kyau. Rage."

Abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya, amma shi ya san ba don ita ya faɗa ba. Halliru ya rage gudu, yana kauce wa ramuka ɗaya-ɗaya, manyan motocin albasa suna wuce su. Atiku bai waiwaya ba. Sun yi tafiya mai nisa a haka, har Jaɓɓo ya fara bugun gilashin baya da tafin hannu. Da Atiku ya juya sai ya ga tabarmar ta jiƙe, leɓen Mero ya yi fari, Jaɓɓo yana kiran sunanta.

"Taka!" in ji Atiku. "Taka, Halliru, kada ka duba komai!"

Motar ta yi ta tsalle, akwatin yana bugun ƙirjinsa, bai ƙara damuwa ba. Sun wuce Gwadabawa da kaɗan Jaɓɓo ya sake bugun gilashin, wannan karon a hankali. Suka tsaya a gefen wata gonar gero. Jaɓɓo ya riga ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

"Malam, mu koma gida," ya ce. "Allah Ya karɓi abinSa. Kun yi ƙoƙari, Allah Ya saka."

Suka juya. Kafin la'asar aka yi mata sutura aka kai ta, jaririyar tana hannun kakarta tana kuka.

Washegari ya kai akwatin Sakkwato. Injiniyan ya jona waya, ya kunna, suka tsaya suna saurare. Ƙugin ya tashi ya daidaita. Rubutu ya fito a fuskar kwamfuta, babu abin da ya ɓata, ko harafi ɗaya. Injiniyan ya yi murna, ya ce lalle an iya riƙo. Atiku ya fita waje ya zauna a kan dakali.

Daga baya ya tambayi wani likita abokinsa, ba tare da ya faɗi ko wace ce ba, ko da an yi sauri mace mai irin wannan zubar jini za ta kai. Likitan ya ce wata takan kai, wata ba ta kaiwa, ba wanda zai iya cewa.

Da rani aka haƙa rijiyoyin, ɗaya kusa da rugar Jaɓɓo. Amma Jaɓɓo bai sha ruwanta ba, don tun da kaka ya kora shanunsa ya ƙetara iyaka zuwa Ƙonni, shi da tsohuwarsa da jaririyar. Halliru bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya nemi a mayar da shi wata motar, aka kuma mayar da shi. Atiku ya ci gaba da aikinsa a ofishin Illela har aka rufe shi, sannan aka yi masa canji zuwa Sakkwato.