Wuta a Gaɓar Isna

Tun daga Luksor Midhat bai zauna ya sha shayi da zafinsa ba. Shi ne ya kawo shawarar a yi hutun sanyin bana a jirgin ruwa, daga Luksor zuwa Aswan, ga shi kuwa shi ya fi kowa jigata. Yaransa biyu, Ziyad da Rawan, ba su da aiki sai faɗa a kan wanda zai kwana kusa da taga. Matarsa Nirmin tana fama da mura. Mahaifiyarsa kuma, Hajja Insaf, ƙafafunta sun daina hawa bene, jirgin ga shi hawa-hawa ne, ko'ina matakala. Goya ta yake yi a hau, goya ta yake yi a sauko.

Saboda ita aka yi tafiyar. Ƙauyensu yana bakin kogin Nilu, gaba kaɗan da Isna. Tun da aka kai ta Alƙahira tana amarya, zuwanta bai taka kara ya karya ba, yanzu kuma likita ya hana ta doguwar tafiya a mota. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga gaɓar garinsu da idonta, ko daga nesa ne. An ce musu da la'asar za a wuce ta wurin.

La'asar ta same su a layi. A Isna akwai ƙofar ruwa inda ake shigar da jirage a ɗaga su kafin su ci gaba, lokacin hutu kuwa jiragen sun fi ƙarfin ƙofar. Midhat ya goyo Hajja zuwa rufin jirgin, ya lulluɓe ta da bargo, ya tsaya yana kallon rana tana gangarowa.

"Baban Ziyad, sauko da ita mana," in ji Nirmin, tana sharce hanci. "Kafin a kai kanmu duhu ya yi. Me za ta gani?"

"Je ki gaya mata da kanki."

"Wa? Ni? Ina son kaina."

Ana haka 'yan kwale-kwale suka kewaye su, kamar yadda suke yi wa duk jirgin da ya tsaya. Sukan cusa jallabiya ko mayafi a leda su wurgo sama, in ka so ka mayar da kuɗi a ledar, in ba ka so ka mayar da kayan. Wata leda mai mayafi a ciki ta faɗo daidai kan cinyar Hajja.

"Kai, marar kunya!" ta leƙa ƙasa. "Kashe ni za ka yi? Ɗan gidan uban wa ne kai?"

Mutumin da ya wurgo, wani mai furfura da rawani, ya saki igiya yana dariya. "Hajja, wannan harshen ai ba na Alƙahira ba ne. Tamu ce ke, kika ɓoye cikin masu hutu!"

Ta faɗi sunan ƙauyensu, ta faɗi na mahaifinta. Ya ce sunansa Gabir, bai san mahaifin nata ba, amma yana da ƙanwa da ke aure a can. Ta shiga jero masa mutane, yana ba ta amsa. Wannan ya rasu, wancan ya rasu, wancan 'ya'yansa sun koma Suwes. Can ta gaji ta daina tambaya.

Midhat ya jingina da ƙarfen rufin ya gaya wa Gabir abin da ya kawo su. Bai san dalilin da ya sa ya faɗa ba, wataƙila don kwana biyu ba wanda ya tambaye shi komai sai mabuɗin ɗaki.

"Da rana kam kun rasa, Basha," in ji Gabir. "Sai bayan isha za ku gifta." Ya laluba aljihu ya ciro waya, yana neman lambar ƙanwarsa. "Yanzu ake saran rake, busasshen ganye ya yi yawa a can. Ku dai duba hannun dama. Mayafin nan kuma, saye za ka yi ko ka maido min da abina?"

Midhat ya saya.

Aka shiga ƙofar ruwan, aka fita. Sanyi ya kori kowa ƙasa wurin cin abinci, kiɗa yana tashi daga can. Hajja ta yi barci a kujera, baki a buɗe. Midhat ya zauna gefenta, bayansa yana sara, yunwa tana cin sa. Ya fara tunanin ko Gabir ya faɗa ne kawai don a sayi mayafi.

Sai ga wuta a hannun dama, babba, tana lasar sama. Ta haska gindin dabinai da katangar wani masallaci da wasu mutane tsaye suna ɗaga hannu.

"Mama. Mama, tashi. Ga shi nan."

Ya ɗaga ta tsaye, ya riƙe ta ta baya. Ta daɗe tana kallo, tana ƙifta ido.

"Sakarkaru," ta ce a hankali. "A mashayar su Abdul Maugud suka kunna. Tamu tana bayan masallacin, inda dabinon nan ya karkace."

"Kin gan shi?"

"Makauniya ce ni? Ga shi can. Har yanzu bai faɗi ba."

Ta bi wutar da ido har ta koma baya, ta zama kamar kan sigari. Ta gyara sabon mayafin a kafaɗarta.

"To, ya isa. Sauke ni, ɗan nan, sanyi zai kashe ni. Kai ma ka ci wani abu, dubi yadda ka rame."

Midhat ya durƙusa ya ba ta baya. Suka fara sauka, matakala ɗaya bayan ɗaya.