Tawadar Bayan Kunne

Tun da mahara suka ɗauke Dije a bakin gonar gero a Mungadi, uwarta Kubura ba ta bar leƙen bayan kunnen 'ya'yan mutane ba. Nan yarinyar take da tawadar Allah, baƙa wuluk, kamar ƙwayar wake. Sai bayan zuwan Nasara, da aka yi shela cewa wanda aka sace wa ɗa ya kawo shaida a mayar masa, ta gan ta a kasuwar Jega. Ta zama budurwa, tana ɗauke da kwandon albasar wani attajiri, Maiwada.

Kubura ta cafke ta, ta lanƙwasa kunnen. Ga tawadar nan. Amma dab da ita wani ƙurji ya fito, an yi ta susa har ya kumbura ya tara ruwa.

"Ɗiyata ta!" in ji Kubura.

Aka kai su gaban alƙali. Maiwada ya rantse baiwarsa ce, a gidansa aka haife ta. Alƙali ya ce su dawo kasuwa mai zuwa a duba tawadar.

Da Kubura ta ja bakinta ta tafi, da shi ke nan. Amma uwa ce, ciwon ya tsaya mata a rai. Ta bi Maiwada har rumfa, ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ka sa a duba mata ƙurjin ga. Kusa ga tawadar yake, kada shi ci ta."

"Ai dole, baiwar Allah," in ji shi, har da murmushi.

Ya kira Tamu wanzami. Mutumin da ke cire belun jariri hannunsa bai taɓa rawa ba, wai ranar ce askarsa ta goce. Kai, rashin tsoron Allah! Ya kwashe ƙurjin, ya haɗa da tawadar, ya cike ramin da magani.

Ranar shari'a aka ɗaga kallabin Dije. Ba komai sai ɗanyen gyambo.

"Ina tawadar?" in ji alƙali.

Kubura ta nuna ciwon tana kuka. Dije ta buɗe baki, aka ce maganar baiwa ba shaida ba ce.

"Ita da bakinta tac ce a yi magani," in ji Maiwada. "Na yi."

Aka sallame su. Da za a wuce da Dije, ta sunkuyo wajen uwarta a hankali.

"Inna, ki bar kuka. Ya bar zogi."