Ruwan da Ke Bayan Hanifa

Duk Dogarawa an san Babanmu Sallau da tsoron ruwa. Shekara talatin ya yi yana jan motar haya tsakanin garinmu da Birnin Ƙonni, kuma da zarar damina ta tsaya, ko ruwan da bai kai idon sawu ba ya gani a ƙorama sai ya kashe mota ya fita yana kallo. Fasinjoji su yi ta mita, masu babura su wuce shi suna dariya, shi ko a jikinsa. Mu 'ya'yansa ma ba mu ƙyale shi ba. Mun san dai ƙorama ta tafi da ƙanensa Chindo tun ba a haife mu ba, amma ba a wannan zancen a gidanmu, sai muka ɗauki tsoron nasa a matsayin hali kawai.

Ƙanwata Hanifa tana aikin jinya a Ingila, shekara huɗu ke nan. A watan Agustan bara ta samu hutun kwana uku, ita da mijinta Abdulwahab suka ɗauki 'yarsu Muhsina suka tafi wani ƙauye a bakin teku. Wayar Baba irin ta dā ce mai maɓallai, don haka ni Zuwaira ake kira. Kullum bayan azahar sai ta kira ta bidiyo, in kai masa ƙarƙashin dogon yaro mu sha kallo.

Ranar farko ta nuna mana tumaki masu ƙiba da gashi buzu-buzu a gonaki da aka kewaye da duwatsu, ba makiyayi ko ɗaya. Baba ya ce lallai ɓarayin ƙasar malalata ne. Rana ta biyu suka je wani tsohon gidan sarauta da ya rushe, Turawa sun yi layi don su shiga. Baba ya ce in kango ake so a kalla, su zo ƙauyen Bazaga a nuna musu. Daga nan suka ci soyayyen kifi da dankali, ko yaji babu, tsuntsaye na shawagi suna neman fizge musu. Na yi dariya, amma gaskiya raina ya ɗan sosu. Ni tun safe ina gonar wake a duƙe, ita kuwa tana can tana shan iska.

Rana ta uku ta kira da ɗoki. Ta ce akwai wani ɗan tsibiri mai doguwar hasumiya da ke haska wa jiragen ruwa hanya, kuma sau biyu a rana teku na janyewa har mutum ya taka yashi ya je can da ƙafa. Sun je sun dawo rabin hanya, Muhsina ta tsaya tsintar katantanwa a ɗan bokitinta, Abdulwahab kuma ya yi gaba ya matso da mota. Tana magana fuskarta ta cika wayar, can bayanta muna hango gidajen ƙauyen ƙanana-ƙanana.

Baba bai yi ba'ar da ya saba ba. Ya karɓe wayar daga hannuna ya matso da ita dab da idonsa, ya tambaye ta mene ne ke ƙyalli a bayanta. Ta waiga ta ce ragowar ruwa ne da teku ya bari, sun taka shi da za su tafi, ko takalminsu bai rufe ba. Ta juya wayar ta nuna masa tekun can nesa, a ɗaya ɓangaren. Ya ce ta mayar da ita inda take, ta riƙe kada ta motsa.

Ya daɗe yana kallo. Ni ban ga komai ba sai wani siririn farin layi tsakaninta da ƙauyen.

"Hanifa," ya ce, "ruwan da anka bari ba ya tahiya. Wanga shina tahiya. Dubi kumfat ga."

Hanifa ta yi dariya. Ni ma na yi, har na leƙa na ce mata ai ta san Baba, ko randa ya gani sai ya kewaye. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kunya ta rufe ni.

Baba bai kula ni ba. Ya tambaye ta ina sauran mutanen da suka taka yashin tare. Ta ce ga su nan, ta ɗaga kai ta duba hagu da dama, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba kowa a filin sai ita da yarinyar. Da ta sake haska bayanta, layin nan ya ninka faɗinsa, yanzu har ni ina ganin ciyayi na gudu a kansa.

Ban taɓa jin muryar Baba ta yi sanyi haka ba. Bai ɗaga ta ba ko kaɗan.

"Cire gyalenki ki goya ta, ki ɗaure tamau. Ki bar bokitin. Kada ki bi inda ruwan ya matse, nan ne zurhi. Ki bi inda ya baje. Ki ja ƙahwa, kada ki ɗaga ta, kuma kome kinka ji kada ki tsaya."

Ta ce to, Baba, ta cusa wayar a aljihu ba ta kashe ba. Fuskar wayar ta yi baƙi. Muna jin iska, muna jin Muhsina na kukan bokitinta, muna jin numfashin Hanifa. Sai muka fara jin ƙarar ruwa, da farko kaɗan-kaɗan, daga baya ya rufe komai. Ta yi salati sau ɗaya, kiran ya yanke.

Na kira, ba ta shiga. Na kira Abdulwahab, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na ruga gindin katanga inda rezon waya ya fi ƙarfi, na ɗaga wayar sama ina ta dannawa. Baba yana zaune bisa tabarma, tafukansa kan gwiwa, ya ƙura wa busasshiyar ƙasar tsakar gida ido. Aka kira la'asar, maƙwabta suka wuce masallaci. Tunda nake ban taɓa ganin an kira salla Baba bai miƙe ba, sai ranar.

Ana cikin raka'a ta biyu wayar ta yi ƙara, lambar Abdulwahab. Hanifa ce a zaune kan dutse, an lulluɓe ta da bargon wata tsohuwa, leɓɓanta na kaɗawa, Muhsina manne a ƙirjinta. Ruwan ya kai mata ƙugu a tsakiya, wayarta ta mutu a aljihu, Abdulwahab da wani mutumin ƙauyen ne suka shiga suka tarye ta. Abdulwahab ya juya wayar ya nuna mana inda ta tsaya ɗazu. Babu yashi ko taki ɗaya, teku ne har gindin hasumiyar.

Na fashe da kuka. Hanifa ta goge fuska ta tambayi Baba yadda aka yi ya gane, shi da bai taɓa ganin teku ba.

Ya karɓi wayar ya dube ta. Sannan ya miƙo mini wayar, ya jawo butarsa.

"Haka ruwan ya zo ma Chindo, ta baya, rana na haske," ya ce. "Chindo ya ce mu dakata. Ni na ce mai ba kome, mu ƙetare."