Direban da Ya Zainaba Ta Jira

Zamanin da wayar salula take sabon shiga a Maiduguri, sai a hannun wane da wane, gidan su Ba'ana da ke Wulari yana da wayar tangaraho a falo, gadon mahaifinsa. Ba'ana malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, mutum mai sanyin hali amma mai taurin kai a kan duk abin da ya sa a gaba. Da shi da matarsa da mahaifiyarsa, Ya Zainaba, suke zaune a gidan.

Ƙanwarsa Rahmat tana Khartoum tare da mijinta da yake karatu a can. Ranar da aka bugo waya aka ce ta sauka lafiya, an sami namiji, Ya Zainaba ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Kafin layin ya katse mijin ya ce sun ɗauki hoton jaririn, za su aiko ta imel.

"To sai ka je tasha ka karɓo," in ji Ya Zainaba.

"Ba ta tasha zai zo ba, Ya. Ta cikin wayar nan zai biyo, ya fito a kwamfutata."

Ta dubi siririyar wayar da ta bi jikin bango, ta dube shi.

Da ya ga dama da ya je shagon intanet a cikin gari an buga masa hoton a takarda. Amma Ba'ana ya riga ya furta a gaban tsohuwa, kuma yana so ta ga jikanta a ɗakinta, a kan dardumarta. Ga shi kuwa kwamfutar tasa, wata 'yar kwatano da ya saya, ya cire mata tsarin da ta zo da shi saboda ƙwayoyin cuta sun addabe ta, ya sa mata Linux. Wani malamin jami'a ne ya ba shi faifan, ya ce masa wannan tsari na kowa da kowa ne, jama'ar duniya ne suka haɗu suka gina shi, duk mai so ya buɗe cikinsa ya gyara. Maganar ta shiga ran Ba'ana ƙwarai.

Komai yana aiki, ban da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya. Ya yi rajista da masu ba da intanet, ya jona waya, ya danna. Allo ya ce masa babu wata na'ura a nan. Ya kashe ya kunna, amsa dai ɗaya.

Sai ya hau babur ya nufi Limanti wajen abokinsa Ridwan, Bakano mai gyaran rediyo da talabijin, wanda bai taɓa ganin abu mai kusoshi ya bar shi a rufe ba. Ridwan ya biyo shi gida da sukundireba a aljihu. Suka kwance murfin, suka zaro katin modem ɗin, Ridwan ya kai shi bakin taga yana karanta ƙananan rubutun da ke jiki, Ba'ana yana kwafewa a bayan hannunsa.

"Wannan abin naka rabin kai gare shi," in ji Ridwan. "Sauran rabin yana cikin tsarin da ka goge. Sai an samo masa direba."

Ya Zainaba tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ashe kunnenta yana wajensu. "In direba kuke nema, ga Hamisu nan bayan gida, tun da motar maigidansa ta lalace yake zaune."

Ridwan ya yi dariya har ya dafa bango. "Ya, wannan direban ba ya cin tuwo. Rubutu ne da zai koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da wannan katin."

"Ku dai kuka sani," ta ce. "Ni jikana nake jira."

Abin haushin shi ne direban yana intanet, intanet kuma ba ta samuwa sai da direban. Dole Ba'ana ya riƙa zuwa shagon intanet bayan an tashi daga makaranta, ya bi layi a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya sauko da abin da ya samu a kan fulofi, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu. Na farko ya sa shi a aljihun gaba, zafin ranar Maiduguri da gumi suka gama da shi kafin ya isa Wulari. Na biyu matarsa ta naɗe masa a ƙyalle kamar turaren wuta, ya iso lafiya, amma da ya ce wa direban ya shiga kwamfuta sai allo ya cika da rubutu mai gudu, ƙarshensa ƙorafi: wannan direban ba sa'an tsarin nan ba ne, an yi shi don wanda ya girme shi.

Ba'ana ya kwafe ƙorafin harafi bayan harafi, ya koma shagon, ya aika wa wani zauren tattaunawa na masu fama da irin wannan modem. Bai sa rai ba. Wa ya san shi? Washegari sai ga amsa daga wani mutum a Brazil, cikin Turanci mai tuntuɓe irin nasa. Mutumin ya ce ya ɗauko asalin rubutun direban ya harhaɗa shi a kan kwamfutarsa, ya kuma nuna masa layin da zai canja. A ƙasa ya tambaya: ina ne Maiduguri? Ba'ana ya daɗe yana kallon tambayar yana murmushi, har mai shagon ya taɓa kafaɗarsa ya ce lokaci ya ƙare.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zauna shi da Ridwan. Ba'ana ya canja layin, ya ba da umarni. Rubutu ya yi ta gangarowa. Ya tsaya, babu ƙorafi. Kwamfuta ta ga modem.

Ya danna kira. Aka ji ƙas a cikin akwatin, sai shiru, sai allo ya ce layi ba shi da rai.

"Ƙarya yake!" in ji Ridwan. Ya ɗaga kan waya ya kara a kunne, ya miƙa wa Ba'ana. "Ji nan. Layi garau. Shi dai kunnensa na ƙasar waje ne, bai san kukan wayarmu ba. Ba za ka iya ce masa ya daina saurare ya buga kawai ba?"

Ba'ana ya tuna ya ga wani abu mai kama da haka a cikin bayanan da suka zo da direban. Ya nemo, ya ƙara harafi ɗaya da lamba ɗaya a cikin umarnin farko, ya sake dannawa.

Sai ga ƙarar buga lamba. Bayanta wani fito, sai ƙugi, sai shuuu kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ya Zainaba ta shigo da sauri tana salati, ta zaci abin zai kama da wuta. Ba'ana bai taɓa jin sauti marar daɗi da ya faranta masa rai kamar wannan ba.

"Zauna, Ya. Ga shi nan tafe."

Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi, a hankali kamar ana saƙa tabarma. Da farko farin bango. Sai 'yar hula shuɗiya. Ya Zainaba ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Goshi ya fito, sai gira, sai idanu a rufe.

"Goshin mahaifinku ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi nasa ne."

Daidai kan hanci hoton ya tsaya cak. Ashe matar Ba'ana ce ta ɗaga ɗaya wayar da ke ɗakinta za ta kira 'yar'uwarta ta gaya mata abu ya yi. Ridwan ya ɗora hannu a ka. Ba'ana ya buɗe baki zai yi faɗa, tsohuwa ta riƙe masa hannu.

"Bar ta. Sake kiransa. Wata tara aka jira shi, wannan ɗin ne zai gagare mu?"

A karo na biyu hoton ya sauko duka, har ɗan yatsan da ya dunƙule a gefen kunci. Ya Zainaba ta shafa allon da tafin hannu, ta yi wa yaron addu'a da Kanuri, doguwa, Ridwan yana amin ko da ba duka yake ji ba. Daga nan ta ce a rubuta wa Rahmat: ta riƙa shan kunun kanwa, kada ta yi wasa da ruwan zafi, kuma hular nan ta yi wa yaro yawa.

Kafin magariba matan layin sun cika falon, kowace tana so ta ga jaririn da ya biyo waya. Daga ranar gidan ya zama wajen aika saƙo. Mai ɗa a Jidda, mai miji a Legas, duk Asabar suna zaune a kan darduma suna jiran ƙugin nan, an kuma kafa doka kada wanda ya taɓa wayar ɗaki. Ba'ana ya rubuta duk matakan da ya bi ya aika zauren don mai zuwa bayansa, ya kuma ba mutumin Brazil amsa: gari ne mai zafi da inuwar dogon yaro, kusa da Tafkin Chadi, in ya zo akwai shayi. Sun yi shekaru suna gaisawa, har salula ta cika gari, layin falon ya mutu ba tare da kowa ya kai ƙara ba.