Insha'in da Inna Balaraba Ke Ce wa Amin

Sau biyu Turanci yana kayar da Firdausi a jarrabawar fita sakandare, kuma duka biyun a wuri ɗaya ya kama ta, wato takardar insha'i. Sauran darussa ba ta da matsala da su, amma makarantar koyon aikin jinya ba ta san wannan zancen ba. In babu kiredit a Turanci, ko maigadinsu ba zai kalle ka ba. Ita kuwa tun lokacin da ta fara raka mahaifiyarta, Inna Balaraba, asibitin koyarwa ganin likitan hawan jini, idonta ya kafe a kan fararen kayan nas. Wannan karon shi ne na uku, kuma yayanta Salisu mai tuƙa adaidaita sahu ya faɗa mata ba da wasa ba cewa in wannan ma ya kuɓuce, sai shagon ɗinki.

Shi ya sa ta shiga lesin ɗin Malam Muhsin, a wani gareji da aka jera wa benci a Tarauni. Malam Muhsin mutum ne mai aƙida ɗaya tak, kullum kuma sai ya maimaita ta.

"Ba a zuwa ɗakin jarrabawa a yi tunani," in ji shi. "Tunani ni na riga na yi muku. Ku naku hadda."

Ya rubuta musu insha'i iri-iri a allo, suka kwafe. Akwai wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan toshewar kwata. Akwai muhawara tsakanin makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Akwai na hutun da aka yi wurin wani kawu a Landan, kawun da babu ko ɗaya a garejin da ke da irinsa. Sai kuma wanda Malam ya fi ji da shi, labarin ranar da ba zan taɓa mantawa ba.

In dai hadda ce, an zo gidan Firdausi, don a Islamiyya ita ake turawa musabaƙa. Yadda ta saba a can haka ta kama Turancin Malam: ta zauna, ta naɗe ƙafa, tana rangaji, tana ja da murya. Sai dai haddar tata ba ta yarda da taɓi. Kalma ɗaya in ta goce, sai komai ya rushe, sai ta koma farko. Kwanaki suna tafiya kanta ya cika da rayuwar da ba tata ba, har wata rana wata maƙwabciyarsu ta tambaye ta inda ta yi hutun salla, saura kaɗan ta ce Landan.

Bayan la'asar take bita a tsakar gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi, Inna Balaraba na gefe a tabarma tana tsinke zogale. Inna ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri. Abin da ta sani shi ne, duk abin da aka ja da irin wannan muryar karatu ne, kuma karatu in mai yinsa ya numfasa ana ce masa amin. Ta ce wa kwata amin, ta ce wa kawun Landan amin. Firdausi tana dariya a ciki, ba ta hana ta ba.

Ranar da ta kai kan labarin ƙarshe dariyar ta ƙare. A labarin, mahaifiyar mai ba da labari ta yanke jiki ta faɗi, aka kwashe ta zuwa asibiti, yarinyar ta zauna a benci tana jira. Can likita ya fito, ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce mahaifiyar ta cika. Firdausi ta san abin da ke ciki tun a gareji, bai dame ta ba, don a ganinta uwar takarda ce. Amma da ta ja wannan jimlar ta numfasa, sai Inna ta shafa fuska.

"Amin ya Allah."

Firdausi ta dubi ƙafafun Inna da suka ɗan kumbura, ta dubi takardar, ta rasa wadda za ta ji wa tsoro.

"Inna, ki daina cewa amin. Ba addu'a ba ce."

"To mene ne?"

"Labari ne."

"Labarin me?"

Firdausi ta kife takardar. "Na asibiti."

"To ai shi nake ce wa amin, 'yar nan. Allah ya kai ki aikin asibitin. Maimaita min wurin nan da kika sassauta murya, ya fi ko'ina daɗi."

Washegari ta tsaya bayan an tashi, ta tambayi Malam Muhsin ko za ta iya mayar da uwar ta zama kaka, tunda kakarta dama ta rasu.

"Kaka ba ta kawo maki," ya ce. "Mai duba takarda in ya ga kaka ta rasu, cewa zai yi dama lokacinta ya yi. Uwa ita ke sa shi ya ajiye biro ya share ido. Kar ki taɓa min ko waƙafi."

Duk da haka ta gwada a ɓoye. Ta sa kaka, sai ga jimlar da ke cewa wadda ta ɗauki cikina wata tara, haddar ta watse. Ta sa gwaggo, ta watse. Ta kai kukanta wurin ƙawarta Mufida, suna cikin adaidaita za su gida.

"Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa," Mufida ta ce. "Ni tun makon jiya na kashe tawa, ga ta can Darmanawa tana suyar awara lafiya lau."

"Taki tana cewa amin?"

"Tawa ko saurarona ba ta yi."

Nan fa Firdausi ta ƙara ruɗewa. Abin nan ƙarya ce, ko fata ne, ko karatu ne kawai? In ƙarya ce, me ya sa ake ba da maki a kanta? In fata ne, wa ya yi, Malam da ya rubuta, ko ita da ta ja, ko Inna da ta amsa? Ta so ta tambayi malaminsu na Islamiyya, amma ta rasa ta inda za ta fara. Sai ta daina bitar labarin a gida, ta koma kan kwata, tana roƙon Allah ya sa kwatar ce za ta fito. Inna kuwa kullum sai ta tambayi ina mai daɗin nan.

Ranar jarrabawa Inna ta tashi da jiri. Salisu ya ce in ya sauke Firdausi zai dawo ya kai ta asibiti. Daga kwance Inna ta kama hannunta.

"Allah ya sa abin da kika haddace shi za ki gani."

Firdausi ta buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa.

Da aka raba takarda ta bi tambayoyin da ido. Wasiƙa ta fito, amma ba ta kwata ba. Muhawara ta fito, amma a kan wayar hannu. A can ƙasa kuwa ga shi zaune: rubuta labarin ranar da ba za ka taɓa mantawa ba. Wata ajiyar zuciya ta ratsa ɗakin daga duk inda ɗan garejin Malam yake. Mufida ta waigo ta kashe mata ido.

Firdausi ta fara. Hannunta yana gudu, leɓenta yana motsi, Turancin Malam yana zuba tsaf kamar ita ta haife shi. Uwa ta faɗi, aka kai ta asibiti, aka zauna a benci. Likita ya fito. Ya cire tabarau. Biro ya tsaya.

Ta koma farko a zuciyarta, ta biyo, ta sake isowa ƙofar nan, likita na tsaye da tabarau a hannu. Ta ce bari ta tsallake jimlar ta kama ta gaba, sai ga shugaban ƙaramar hukuma ya faɗo mata, ga kwata ta toshe, ga kawun Landan yana ɗaga mata hannu a filin jirgi. Ta runtse ido. Bencin da take gani ba na Malam ba ne, wanda ta saba zama a kai ne, na kusa da tagar karɓar magani, kuma a daidai wannan lokacin wataƙila Salisu ne a kansa. Ta ɗaga kai. Ko'ina kawuna a sunkuye, biro na ta aiki, uwaye na ta cikawa layi-layi. Tsoro ya kama ta sosai, ga haushin kanta, ga fararen kayan nas suna yi mata nisa tana kallo.

Mai sa ido ya ce lokaci ya kusa.

Sai ta sunkuya ta rubuta da nata Turancin, ɗan guntu-guntu irin na 'yan firamare. Likita ya ce ta rage gishiri. Uwata ta tashi. Ta nemi takalminta. Muka hau adaidaita. A gida ta sha kunu. Ta tsaya nan, don iyakar Turancin da take da shi ke nan. Sauran shafin fari fat, ko rabin abin da ake nema ba ta kai ba, kuma ta sani.

A bakin ƙofa Malam Muhsin yana ta washe baki yana tambayar kowa ko ya zuba hawayen ƙarshe. Mufida ta ce har da na jana'iza.

"Firdausi fa? Ke ai ba a tambayarki."

"Na rubuta, Malam," ta ce, ta wuce.

Da ƙafa ta tafi gida. A kan layinsu ta wuce shagon ɗinkin da Salisu yake nufi, ta tsaya ta ɗan kalli kekunan, ba ta san ko kuka za ta yi ba.

Ta tarar da Inna zaune a tabarma, ledar magani a gefenta.

"Me likita ya ce, Inna?"

"Me zai ce in ban da abin da ya saba? Gishiri dai. Ke fa, ya fito?"

"Ya fito."

"Mai daɗin nan?"

"Shi."

"Alhamdu lillahi! Zo ki ja min shi yadda kika rubuta."

Firdausi ta cire hijabi, ta zauna, ta naɗe ƙafa. Ta ja tun daga farko, Inna na amsawa, har likita ya cire tabarau. Daga nan muryar ta karye, ta shiga jero 'yan guntayen jimlolinta ɗaya bayan ɗaya, babu rangaji, babu kari. Inna ta karkata kai tana saurare, ta yamutsa fuska.

"Yau kam ƙarshen nan bai yi daɗi ba, sai tuntuɓe kike yi. Duk wahalar nan da kika sha?" Sannan ta ɗaga hannu. "To, amin dai."

"Amin, Inna," Firdausi ta ce, da ƙarfi har Salisu ya leƙo daga ɗaki. "Amin."