Garin Wanke Inji

Ni da Gwaggona muke girkin oda a wani ɗaki da ke bayan shagon mai gyaran fanka. Murhun gas biyu gare mu, da tanderun gasa kek, da wani ƙaramin injin niƙa wanda in ya tashi sai mai gyaran fanka ya buga mana bango. Ban yi nisa a makaranta ba, amma hancina ya san aikinsa. Gwaggo tana kirana Hawainiya, wai kafin in gama yanka albasa ɗaya wani ya yi aure har ya haihu. Ba na jin haushi, don gaskiya ni ba na son gaggawa.

Abin da ya sa mutane suke nemanmu shi ne kori. Ba ma sayen na leda, mu muke haɗa namu, kala biyu. Akwai na zaƙi: kurkum kaɗan, kirfa, citta da kanumfari. Shi muke sa wa kek da biskit, su fito ruwan ƙwai, ƙamshi har bakin titi. Akwai kuma na miya: kurkum, barkono, masoro, hulba, busasshiyar tafarnuwa, sannan Gwaggo ta zuba soyayyiyar gyaɗa tafi biyu, ita ce ke ba miyar jiki.

To injin guda ɗaya ne. In an niƙa na miya ba a zuba na zaƙi a bayansa, in ba haka ba kek ya fito da warin tafarnuwa. Ruwa kuma ba ya taɓa injin, don yana tsatsa. Abin da muke yi, sai mu zuba tafin ɗanyar shinkafa mu niƙa, ta kwashe ƙamshi da maiƙon da suka maƙale a ciki. Wannan garin Gwaggo ba ta yarda a zubar ba. Akwai wani babban gwangwanin madara a gefen murhu, nan muke tara shi, in miya ta yi ruwa a ɗebi cokali ɗaya a kaɗa. Tun ina ƙarami haka na ga ana yi.

Wata Laraba sai ga wata mata ta zo, malamar makaranta ce, mu ma Malama muke ce mata. 'Yarta Auta za ta cika shekara bakwai ranar Asabar, tana son shinkafa da miyar kori ta kaza, da kek, na yara goma sha biyar. Auta tana riƙe da gefen mayafinta, 'yar siririya, haƙoranta biyu na gaba sun fita.

Malama ta ce, "Gwaggo, abu ɗaya zan roƙe ku. Yarinyar nan jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Ba wai ƙaiƙayi nake nufi ba. Maƙogwaronta ne yake kumbura, numfashi ya tsaya. Tana shekara uku ta lashi ledar biskit mai gyaɗa, kwana biyu muka yi a asibiti. Ko man gyaɗar, ko cokalin da ya taɓa ta, kar ya kusanci abincinta, don Allah."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Allah Sarki! Kwantar da hankalinki, 'yata. Ga Hawainiya nan, shi zan bar wa. Halin nasa da yake ci min rai shi zai yi mana rana, ba ya yin abu sai ya duba sau uku."

Auta ta leƙo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ne hawainiyar? Ina wutsiyarka?"

Na ce na wanke ta ne ba ta bushe ba. Ta kwashe da dariya ta ɓuya a bayan uwarta.

Ranar Asabar ban bar komai ba. Ban kusanci injin ba sam. Na wanke turmi da taɓarya da ruwan zafi, na shanya su, na daka korin Auta da hannuna, na zaƙi daban, na miya daban, babu gyaɗa. Na sayo sabon ludayi. Man da na yi amfani da shi sai da na kai wa mai gyaran fanka kwalbar ya karanta min abin da aka rubuta a jiki. Kek ya tashi lafiya, na shafa masa zuma da kwakwa. Kazar ma ta dahu yadda nake so, sai dai da yake babu gyaɗa a korin, miyar ta tsinke, ta ƙi kama jikinta. Na tuna ina tsaye a kanta ina juyawa, Gwaggo tana ta magana daga bakin ƙofa, mai babur ya iso yana danna hon. Ban tuna komai bayan wannan ba, sai dai miyar ta yi kyau lokacin da na juye ta a kula.

Dogo, mai babur ɗin da yake kai mana kaya, ya ɗaure kuloli ya tafi wajen sha biyu da rabi. An ce yara za su ci ƙarfe biyu.

Na zauna na huta, na sha ruwa, sannan na fara wanke-wanke a hankali kamar kullum. Na zo goge gefen murhu sai na ga gwangwanin madara a buɗe. Cokali yana tsaye a cikin garin, bakinsa jiƙe da miya mai ruwan ɗorawa, ba ta ma gama bushewa ba. Miya ɗaya aka dafa a ɗakin nan ranar.

Na daɗe ina kallon cokalin. Jiya da yamma ni da kaina na niƙa korin miya mai gyaɗa, na bi shi da shinkafa, na juye garin a saman gwangwanin.

"Gwaggo," na ce.

Ta zo tana goge hannu. Na nuna mata. Ta dubi cokalin, ta dube ni.

"Kai, ɗan nan. Kai! Ka sa?"

"Na sa."

"Nawa?"

"Ban sani ba. Ɗaya. Ko biyu."

"Ai shinkafa ce, gyaɗar da ke ciki ba ta kai ƙwayar ido ba, ƙila ma..." Ba ta ƙarasa ba. Ita ma ta ji maganar ledar biskit. Ta zauna daɓas a kan buhun fulawa tana salati.

Agogon bango ya nuna biyu saura kwata. Na kira wayar Malama, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Ban san gidan ba, Dogo ne ya sani. Na kira shi, ya ce yana wajen mai faci.

"Dogo, ka zo yanzu. Yanzun nan."

"Kai ne kake cewa yanzun nan? Yau da me ka karya?"

"Yarinyar da ka kai wa abinci za ta iya mutuwa."

Ya kashe wayar. Kafin minti biyar yana ƙofa.

Ni mutum ne mai tsoron babur, kullum ina ce masa ya rage gudu. Ranar ni ne nake dukan bayansa. Da hannu ɗaya na riƙe rigarsa, ɗayan yana ta kiran Malama. A kowace ƙara ina ganin Auta ta buɗe bakin nan mai giɓi ta kai cokali. Muka wuce layin masu kayan gini, muka wuce gidan mai, sai a mararraba muka tarar da wata tirela ta lalace ta tare hanya, motoci sun cushe, ko babur ba ya samun wurin kutsawa.

Dogo ya miƙa hannu. "Ka ga dogon benen can mai tankin ruwa shuɗi? Hawa na biyu, ƙofar hagu. Ruga!"

Na sauka na ruga. Takalmina ɗaya ya fita, na cire ɗayan na yar. Wani mai kanti ya yi min tsawa don na ture masa kwandon lemo, ban waiwaya ba. Tun daga ƙasan benen nake jin kiɗa da ihun yara. A bakin ƙofa ga ƙananan takalma nan zube, na tsallake su. Tunda nake ban taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba sai ranar.

Yara suna zaune a kan darduma an jera su, wasu mata biyu suna zuba abinci. Auta tana tsakiya da farar riga, kuma da yake ranarta ce ita aka fara zuba wa. Faranti yana kan cinyarta, gefe ɗaya na shinkafar ya riga ya ragu.

Na fizge farantin. Miya ta zube min a riga. Yaran suka zuba min ido, kiɗan kaɗai ke tashi.

Malama ta fito daga kicin da tire a hannu. "Lafiya? Kai, me ya faru?"

"Akwai gyaɗa a miyar. Ni na sa. Kuskure ne, Malama, akwai gyaɗa."

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta durƙusa gaban yarinyar. "Auta, cokali nawa kika ci?"

"Uku. Mama, me ya sa Hawainiya ya ƙwace min?" Sai ta sosa wuyanta. "Harshena yana min ƙaiƙayi."

Ta yi tari sau ɗaya, busasshe. Ina kallo leɓenta na sama ya fara tasowa. Malama ta ce a miƙo mata jakarta, ta zazzage ta a kan darduma, ta ɗauko wata allura mai kama da babban biro. Ta dube ni.

"Riƙe min ƙafarta. Kar ka bari ta motsa."

Na riƙe. Ƙafar ba ta fi taɓaryar da na yi daka da ita kauri ba. Malama ta danna allurar a cinya tana ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi, Auta tana tsala ihu, wasu yaran suka fara kuka. Ni ihun ma daɗi ya yi min, don mai ihu yana da numfashi.

Ɗaya daga cikin matan, maƙwabciyarsu, tana da mota. Na ɗauki yarinyar na sauka da ita matakalar, Malama tana biye da ni. A mota ina baya, kan Auta a cinyar uwarta, ƙafafunta a tawa. Kukan ya tsaya. Abin da ya maye gurbinsa wani siririn fito ne da ke fita duk lokacin da ta ja iska. Idanunta a buɗe, tana kallona. Malama tana shafa mata kai tana cewa, "Ja, Auta, ja a hankali, ga Mama nan." Maƙwabciya ta bi ta wasu lunguna don kauce wa mararrabar, hannunta a kan hon. Ni addu'ar da na iya duk ta gudu daga kaina, sunan Allah kawai nake maimaitawa.

A asibiti ma'aikatan jinya suka karɓe ta daga hannuna suka shige da ita, Malama ta bi su, aka rufe ƙofa. Na tsaya a baranda ba takalmi, rigata duk miya, ina warin kori. Benci yana nan amma na kasa zama. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in dubi fuskarsa in ga ko akwai labari a kanta. Can sai ga Gwaggo, Dogo ya kawo ta, mayafinta a baibai. Ta kama hannuna ta riƙe.

Ban san tsawon lokacin ba. Rana dai ta sauka daga kan tagar zuwa ƙasan bango kafin Malama ta fito. Idanunta sun yi ja.

"Numfashin ya daidaita," ta ce. "Za su riƙe ta zuwa gobe."

Gwaggo ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna a ƙasa.

Malama ta tsaya a kaina. "Yaya aka yi?"

Na gaya mata duka, turmin, sabon ludayin, injin, shinkafar, gwangwanin. Ban rage komai ba.

"Na gaya muku fa," ta ce a hankali.

"Kin gaya mana, Malama."

Ta murza zoben hannunta. "Likita ya ce da ta cinye farantin nan, ko da na tsaya ina tunanin ko ƙwarewa ta yi, da wani zancen ake yi yanzu." Ta ja numfashi. "Ba zan sake karɓar abinci daga wajenku ba. Ba don ƙiyayya ba. Ba zan iya ba ne."

"Haka ya kamata," na ce.

Ta juya za ta koma, sai ta tsaya. "Tashi ka gan ta. Daga bakin ƙofa."

Na tashi na leƙa. Auta tana kwance, an sa mata robar iska a fuska, leɓenta har yanzu a kumbure, ta yi barci. Bargon da ke kan ƙirjinta yana ɗagawa, yana sauka. Na tsaya ina bin sa da ido, ya ɗaga, ya sauka, har wata ma'aikaciyar jinya ta zo da keken magani ta ce, "Malam, ɗan ba ni hanya."