Idon Ɗan Fari

Innarmu Ladi ba ta taɓa kallon yaya Bello ido cikin ido ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Ko sunansa ba ta kamawa, sai "wannan yaron". In ya shigo gaishe ta, sai ta juya ta amsa wa tukunya. Ni Hasana, autarta, nakan tsokane ta: "Inna, in ya ɓace a kasuwar Tarauni, da me za ki gane shi?" Sai ta ce, "Da tafiyarsa, mara kunya."

Shi kuwa Bello idonsa a tsaye yake, kuma shi ya ja masa. Yana tuƙa tasi wani mai kaki ya tsayar da shi a shingen hanya, ya daka masa tsawa. Bello ya zuba masa ido, ko ƙiftawa bai yi ba. Shekara uku ba mu san inda aka kai shi ba. A cikin shekarun nan yanar ido ta kama Inna.

Da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka sako shi. Ya shigo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya durƙusa. Ranar Inna ta yar da kunyar shekara talatin da biyar, ta kama haɓarsa ta ce, "Bello, ɗago ka dube ni. Saura kaɗan in daina gani."

Ya kasa. Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, a can wanda ya ɗago ido shi ake fara duka."

Akwai wani kare a garejin bayan gidanmu da yara suka saba jifa. In ka kalle shi sai ya kau da kai ya raɓe da bango. Haka yayana ya koma. Na tsani karen nan, alhali bai yi mini komai ba.

Kullum da safe Inna sai ta roƙe shi, kullum idonsa na kan tabarma. Har wata bakwai.

Wata safiya, bayan ya gaishe ta, ya ɗago. Ya dube ta sosai, ya daɗe, hawaye na zuba. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Inna, fuskarta daidai tasa, ta lalubo hannunsa ta ce, "Ba komai, Bello. Gobe ma ka sake gwadawa."